Zaren Malam Gidaɗo

Ni dai ban ga bindiga ba, gara in faɗi wannan tun farko. Abin da na gani a ƙarƙashin gadon Ukasha fayif ne na ƙarfe, tsawonsa kamar kamu biyu, an ɗaure masa katako a gindi. A kansa an maƙala wata 'yar kyamara da ba ta fi kwalin ashana ba, da wani maɗauri da aka yi wa walda. Takalmina nake nema na ci karo da shi.

Ƙarshen shekarar 2013 ne. Duk wanda ya zauna Alƙahira lokacin ya san yadda gari yake bayan juyin mulkin soja, kowa na kallon saman benen maƙwabcinsa, baƙo irinmu kuwa ko waya ya ɗaga a titi sai an bi shi da ido. Ni saura wata huɗu in zana jarrabawar ƙarshe, bayan shekara shida ina cin ful, dafaffen waken Masar, safe da yamma. Idan aka kama makami a shaƙƙarmu, wato gidan hayarmu na Giza, ba za a tsaya tambayar gadon wa ba, mu biyu za a kwashe, iƙamata ta zama a ƙasar da karatuna su bi ruwa.

Da ya dawo daga darasi na tare shi a bakin ƙofa.

"Ukasha, mene ne wancan a ƙarƙashin gadonka?"

Ya kalle ni, ya kalli ɗakin. "Wani ɗan aiki ne, Ustaz Ja'afar."

"Aikin me?"

"Saƙo ne na gida. Khalas, ba komai ba ne."

Ba komai ba ne! Raina ya ɓaci, amma na haɗiye, na sa masa ido. Shi Ukasha mutumin wajen Ningi ne, shiru-shiru, shekararmu biyu ɗaki ɗaya ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma a wannan makon shirun nasa ya fara ba ni tsoro. Sau biyu ya tafi kasuwar Ataba ya dawo da ƙulli a leda. Na ga wani farin zare mai ƙulli uku a cikin littafinsa, yana fito da shi yana naɗa wa fayif ɗin yana gyaɗa kai. Bayan la'asar sai ya naɗe abin a darduma ya hau saman bene, ya yi rabin awa, ya sauko yana gumi. Ran Laraba na bi shi a hankali na leƙa ta ƙofar bene. Yana durƙushe, katakon a kafaɗarsa, ido ɗaya a rufe, yana bin wani abu da bakin fayif ɗin ta saman gidajen mutane, bakinsa na motsi. Na lallaɓa na sauko.

Washegari da ya fita na zare katin memori daga kyamarar na sa a aljihu, don in an zo in ce ga shaida, ba ruwana. Sannan na sauka wurin bawwab, wato maigadin gidan, Ammu Ayuba, wanda ko kyanwa ta shiga gidan nan sai ya san ɗakin da ta nufa. Na gaya masa abin da na gani, na ce ni dai na fita haƙƙinsa, ya gaya wa mai gida ya raba mu ɗaki. Wallahi iyakar abin da na nema ke nan.

Ya ajiye kofin shayinsa. "Kyamara a kan ƙarfe? A saman bene?"

"E."

"Tamam, ya Shekh. Hau abinka."

Na hau, na sa katin a kwamfutata. Da na yi haka kafin in sauka, da ba wannan labarin nake ba ku ba.

Hoton ya buɗe, bakin fayif a ƙasan allo, sama kuma tattabarun maƙwabcinmu suna zagaye. Sai muryar Ukasha, a hankali, irin yadda ake yi wa babba magana.

"Baba, ina wuni. Ga shi na gwada, bai motsa ba. Daidai da zaren da ka aiko na sa mai walda ya yi maɗaurin, ƙulli na farko kaurin bakin bindigar, na biyu inda hannunka ke riƙewa. Ka ɗaure notin sosai saboda bugun harba-ka-ruga. Ka ga jan maɓallin nan? Shi za ka danna kafin ka harba. In jar wuta ta kama, to tana gani."

Bidiyo bakwai ne, duk darasi yake yi wa tsohon da ba ya karanta boko. A na huɗu na fahimci dalili. A wajensu in an fita farauta, wanda harbinsa ya fara samun dabba shi ke da ita, ko wani ne ya ƙarasa ta. Bara mahaifinsa, Malam Gidaɗo, ya harbi gwanki, wani Lawali ya ƙarasa ya ce shi kaɗai ya same shi, ya ƙara da cewa idon tsoho ya mutu, ƙarya yake yi. A gaban maharba aka ba Lawali naman. Tun ranar tsohon bai sake zama cikinsu ba.

"Bana in ka harba, Baba, ba sai ka rantse wa kowa ba," in ji Ukasha. "Ka buɗe musu su gani da idonsu."

Nan na tuna abin da ya sa bai gaya min ba, kunya ta rufe ni. A shekararsa ta farko, a gaban ɗalibai wajen goma muna cin abinci, ya ce babansa maharbi ne, ni kuma da bakin nan nawa na ce ashe ɗan masu layu da guraye ne ya zo koyon tauhidi. Aka yi ta dariya. Bai sake ambaton gidansu a gabana ba.

Na sauka da gudu ba takalmi. "Ammu Ayuba, ma'alish, kuskure na yi, ba bindiga ba ce, fayif ɗin famfo ne."

Bai ko kalle ni ba. "Na riga na buga waya."

Kafin azahar suka zo, jami'an tsaro uku cikin kayan gida. Suka ɗaga katifa, suka fito da abin, suna juya shi suna kallon juna. Ana cikin haka Ukasha ya shigo da burodi a hannu. Na ce su tsaya, ina da hujja, na juyo musu da kwamfutar da rawar jiki, ni a tunanina na kawo ceto.

Babbansu ya kalli bakin ƙarfe yana bin saman gidaje, barandar mutane na wucewa, ga murya da yaren da bai sani ba. Ya tsayar da hoton.

"Me yake cewa a nan?"

"Da mahaifinsa yake magana, mafarauci ne a ƙasarmu, tsoho ne..."

"Ban tambaye ka wane ne ba. Me ya ce? Kalma da kalma."

Na kalli Ukasha. Ya sunkuyar da kai. Na fassara da Larabcina mai kyau, wanda na yi shekara shida ina gogewa: ka danna nan kafin ka harba.

Mutumin ya rufe kwamfutar ya sa a hammata.

Ni awa biyar na yi a wurinsu suka sake ni, har da cewa na kyauta. Ukasha ya yi kwana goma sha tara. Dattawan ɗalibai suka yi ta zirga-zirga, a ƙarshe aka yarda ba makami ba ne, amma aka soke iƙamarsa, shekara biyu ta karatu ta tafi. Kyamarar da maɗaurin ba su dawo ba.

Ni na kai masa jakarsa filin jirgi. Na shirya maganganu tun daga Giza, da na gan shi ya rame duk suka gudu, sai cewa na yi, "Ka yafe min, ɗan'uwa."

"Allah ya yafe mana," ya ce. Ya buɗe jakar yana lalube cikin littattafai. "Zaren fa? Farin nan mai ƙulli?"

Na ce ban gan shi ba, wataƙila sun haɗa da shi.

Ya ja zif ɗin a hankali. "Ba komai. Zan auna da kaina, tunda ga ni zan je. Abin da ban sani ba shi ne me zan ce masa ya dawo da ni."

Na ci jarrabawata da daraja mai kyau. Ranar da nake kwashe kaya zan bar shaƙƙar, na ja gadonsa, sai ga zaren a ƙasa cikin ƙura, da ƙullinsa uku. Yana cikin akwatina har yau. Ina da lambar Ukasha, ban taɓa iya bugawa in tambaye shi ko tsohon ya fita farautar ba.