Rafin da Ya Nufi Maƙabarta

A shekarun da kuɗin mai ya fara ɗumama aljihun mutane aka zuba kwalta a hanyar da ta ratsa Kwarin Madu, wani ɗan gari tsakanin Roni da Kazaure. Kamfanin da ya yi aikin ya gina kwalbati a kan rafin garin, ya kwashe motocinsa ya yi gaba, ya bar gangunan kwalta da tsofaffin tayoyi jibge a gindin kwalbatin. Juji kuwa ba ya son kaɗaici. Kafin a ce kwabo, mutanen gari sun ƙara masa gwangwanayen madara da kwalabe da mataccen batirin rediyo. A da sharar garin ba ta wuce fasasshiyar ƙwarya da tsumma, ƙasa ta cinye abinta. Wannan sabuwar shara ta zamani kuwa ko gara ba ta kallonta.

Da damina ta zo, ruwa ya sauko daga duwatsu ya tarar an toshe masa hanya. Sai ya karkata hagu, ya kama cin gaɓar da maƙabarta take a kai. Kafin kaka ya zaftare kurna guda da ƙasar da ke gindinta.

Duk garin ba wanda abin ya hana sukuni kamar Baba Kura, maƙerin gwangwani. Babarbare ne, mahaifinsa ya zo daga Barno da fatauci ya zauna, shi kuma ya tashi yana ƙera fitilar aci-bal-bal da mazurari daga gwangwanin da wasu suka yar. Matarsa Aisa tana kwance a layin farko na maƙabartar, ta bakin rafi. Sun yi zaman aure mai tsawo, 'ya'yansu ba wanda ya rayu, saboda haka wannan tudun ƙasa shi ne duk abin da ya rage masa a duniya. Yanzu abin da ke tsakanin kabarin da gaɓa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Damina ɗaya ta ishi ruwa ya kai gare ta.

Da bazara ta kama, ya je zauren Mai'unguwa Hussaini, ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, rafin nan zai tone mana mutane. A sa gayya a buɗe kwalbatin."

Mai'unguwa ya gyara zaman rawaninsa. "Baba Kura, na kai magana gaban hakimi, hakimi ya kai gaba. Kwalbati na gwamnati ne. Gayya kuma ta gona ce, ban taɓa jin an yi wa juji gayya ba." Ya rage murya. "Kuma kai ma ka san abin da ake zubarwa a rafin nan. Wa zai sa hannu?"

Ya sani sarai. A Kwarin Madu, in mara lafiya ya yi wankan magani, sai a kai kaskon da sauran ruwan a jefa a rafi, wai cutar ta bi ruwa. Wanda ya ɗauki kaskon, shi ya ɗauki cutar. Tunda aka toshe hanya, kasake sun taru cikin sharar, kowa yana wucewa yana kau da kai.

Baba Kura ya shiga aikin shi kaɗai. Kullum da hantsi yana cikin kwari da kwando, yana tsamo gwangwani da kwalba yana tarawa a gefe. Masu zaman kashe wando a bakin sabuwar hanya suka naɗa shi Sarkin Juji, har da yi masa jinjina. Bai kula su ba. Abin da ya gagare shi gangunan ne: yashi ya cika su, ko ƙato huɗu sai sun yi da gaske kafin su motsa ɗaya. Ya tura, ya ja, ya sa ƙarfe ya banƙara, bayansa ya riƙe, ganga ko gezau. Ga shi gabas ta fara haɗa hadari da yamma-yamma, iska tana kawo ƙanshin ƙasa daga wajen Babura. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da Aisa ta cika.

Wata safiya sai ya saɓi diga da shebur, bai gangara kwari ba. Ya hau can ƙarshen maƙabarta inda tudu yake, ya auna, ya fara sara.

To, garin yana da wata al'ada da ba wanda ya taɓa karyawa. In aka ji ƙarar diga a maƙabarta, duk namijin da ya ji zai ajiye abin da yake yi ya nufi can, ba sai an kira shi ba. Kuma ba a barin mai rashi ya yi tono da hannunsa. Karɓewa ake yi, tambaya ta biyo baya. Masu tafiya sharar gona suka jingine kekuna. Mai shayi ya bar tukunya a wuta. Su masu naɗa sarautar juji su suka fara isa, ɗaya ya karɓe digar daga hannun tsohon yana salati. Rami ya kai gwiwa kafin Mai'unguwa ya iso tare da liman, Malam Daudu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Kura, wa muka rasa?"

"Ba mu rasa kowa ba, ranka ya daɗe. Aisa zan ɗauke."

Mai riƙe da diga ya sake ta kamar ta ƙone shi. 

Malam Daudu ya matso. "Baba Kura, tone mamaci ba ƙaramin abu ba ne. Ba a yin sa sai da lalura."

"Allah gafarta Malam, ga lalurar can." Ya nuna gaɓa da hannu. "Ni na sa ta a ƙasa da hannuna. Ba zan zauna ina kallo ruwa ya watsa ƙasusuwanta cikin gwangwanin madara ba. In ba a buɗe rafi ba, zan ɗauke ta, ko da ni kaɗai ne."

Kowa ya waiga inda ya nuna. Ba sai an faɗa wa Mai'unguwa ba, ya ga kabarin da ke bin na Aisa, na mahaifiyarsa ne. Kowa a wurin yana da nasa a layi na biyu ko na uku, kuma kunya ta kama su.

"To, a kawar da lalurar," in ji Malam Daudu. Ya naɗe ƙafar wando, ya gangara kwari, ya yi bisimilla, ya ɗauki kasko na farko ya ɗaga sama.

Duk da haka mutane suka tsaya a gaɓa suna kallon-kallo. Sai ga muryar Inno mai ƙosai daga kan kwalbati, inda mata suka taru.

"Malam, juyo da shi in gani! Ai wannan kaskona ne, na san shi da tsaguwar bakin. Bara na jefa shi saboda ciwon gwiwa, ga gwiwar nan tana nan tana cina har yau. Ku shiga, ba abin da ke ciki, cutar tana wajena!"

Dariya ta ɓarke, tsoro ya bi ta. Mai'unguwa ya cire rawani ya miƙa, ya shiga da 'yar shara, sauran suka bi shi.

Aka yi kwanaki ana abu ɗaya. Ba a mayar da komai juji ba, don Baba Kura ya tsaya kai da fata a kan haka: in aka tara a gefe, ruwa zai sake kwasowa. Mata suka wanke kwalabe, na man gyaɗa daban, na kananzir daban. Dukawa suka kwashe tayoyi don yanka takalma. Gangunan kuwa, da aka zazzage yashinsu, Baba Kura ya dinga tsaga su da kurfi yana buge su su miƙe, ana kafa turaku a gaɓar maƙabarta ana jera su, ana cusa duwatsu a baya.

Mai shayi ya ce masa, "Baba, ƙarfen nan da ƙofofi ka ƙera ka kai kasuwar Kazaure, ai ka gama cefanen shekara."

"Wadda nake yi wa cefanen ga ta nan kwance," in ji shi, ya ci gaba da bugu.

Malam Daudu ya so a cike ramin tudu, don mutane ba sa son ganin kabari a buɗe. Baba Kura ya ƙi. Ya ce sai ya ga ruwa da idonsa.

Ruwan bai jira an gama ba. Ana cikin kafa turakun ƙarshe da la'asar sama ta ɓalle. Mutane suka ruga ƙarƙashin rumfuna, Baba Kura ya tsaya a gaɓa, riga ta manne masa a jiki. Can sai ga rafi ya taho ja wur da ƙasar duwatsu, yana rugugi. Ya karkata hagu yadda ya saba, ya daki ƙarfen. Turaku suka girgiza, ɗaya ya kwanta. Tsohon ya diro cikin laka ya sa kafaɗa ya tokare, yana jin dukan ruwan har cikin haƙarƙarinsa. Sai ya ji wata kafaɗa a gefensa, ta Mai'unguwa, sannan wata, sannan wata. Ruwan ya yi ta duka, da ya ga ba hanya sai ya juya, ya sami bakin kwalbati a buɗe, ya wuce.

Da ruwan sama ya ɗauke, suka jawo Baba Kura sama, ƙafarsa tana jini inda ƙarfe ya yanke shi. Ya ce wa Malam Daudu yanzu a cike ramin. Shi kuwa ya ɗingisa zuwa layin farko, ya tsuguna, ya sa tafin hannu yana gyara ƙasar da ruwan sama ya zaizaye a kan kabarin. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

"Yi kwanciyarki, Aisa," in ji shi. "Ba inda za ki."