Man da Bai Ɗiga a Ƙasa Ba

Ni Kabo bakanike ba na son a kawo mini mota haɗe da tsegumi. A kawo mini ciwonta, a bar gulma a gida. Amma ranar da Alhaji Mainasara dillalin shanu ya shigo garejina na hanyar Zango, da duka biyun ya zo.

Motar 'yar Kwatano ce mai shan gas, irin masu tobo ɗin nan da ke hura wa inji iska. Direbansa Ɗantsoho ne ya tuƙo ta, ya fito ya raɓe gefe kamar baƙo. Alhaji ya ja ni bayan wata akwalar bas ya rage murya, ko da yake in Alhaji ya rage murya har a tsallaken titi ana ji.

"Kabo, baƙin mai ke ƙarewa. Yau a cika, kafin kasuwa ta zagayo ya yi ƙasa. Na sa an share inda take kwana, na duba da idona, ko ɗigo babu. Mai dai ba tashi sama yake ba. Duba mini ita. In lafiyarta ƙalau, na san abin yi."

Ni ma na san abin da zai yi. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kalmar ɓarawo ta ƙara nauyi a bakin kowa. Ba mai kai Ɗantsoho gaban alƙali a kan baƙin mai, amma ai ba sai an kai shi ba. Shi ne ladanin masallacin unguwarsu, gemu duk furfura, ga shi an fara raɗe-raɗin wai yana zuƙe man yana sayar wa masu injin markaɗe. Wani marar ta-ido har ya ce a samo mai kiran salla kafin gaskiya ta fito. Wallahi abin ya ƙona mini rai.

Da na buɗe bonet, Ɗantsoho ya matso, idonsa ja wur. Ya ce, "Kabo, duba tsakani da Allah. Abin da ka gani shi za ka faɗa."

Na wanke injin tas da kananzir, na bari ya bushe, na tankaɗe toka na barbaɗe shi da ita sama da ƙasa. Haka nake yi, don duk inda mai ke tsatsowa tokar wurin baƙi take yi. Na tada mota na bar ta ta yi zafi. Na leƙa murfin kai, na leƙa filta, na kwanta a ƙasa na duba gindin injin. Toka na nan fara fat. Ba inda mai ke tsatsowa.

Alhaji ya ce, "To, ka gani ko?"

Na ce, "Haba Alhaji, kai ma ba ka sayen bijimi sai ka duba bakinsa. Bari in gama."

Na zaga baya na zura yatsa a bakin salansa, inda hayaƙi ke fita. Baƙin da ya fito ba busasshe ba ne, maiƙo gare shi. Na koma ƙasan motar na kwance ƙaton tiyon da ke ɗauko iska daga tobo. Ina zare shi, sai ji na yi ɓul! Baƙin mai ya kwararo mini a fuska, ya bi wuya ya shige riga. Tunda nake ban taɓa murnar ɓata tufafi kamar ranar ba.

Na fito ina tofar da yawu na ce, "Alhaji, ga man naka. Ragowar kuma motar ta sha ta fitar ta salansa."

Na sa yatsa na taɓa fankar tobon, tana girgiɗi kamar haƙorin tsohuwa. Na nuna masa. Sil ɗin ciki da ke tare mai ya mutu, man yana bi ta ciki, shi ya sa ƙasa ba ta taɓa ganinsa ba.

Alhaji ya ce, "Me ya kashe shi?"

Na tambayi Ɗantsoho yadda yake kashe mota in sun dawo daga kasuwar Mai'adua. Kafin ya buɗe baki Alhaji ya amsa masa: "Wannan? Ai gudu muke kamar an koro mu don kada magariba ta kuɓuce masa. Taya ba ta gama tsayawa ba ya murɗe makulli, sai dai ka hango shi a ƙofar masallaci."

Na ce to shi ke nan. Tobo in ya sha gudu jajir yake yi. In aka kashe nan take, man da ke ciki ƙonewa yake ya daskare, a hankali ya ci sil. Sai an bar injin ya ɗan huce tukuna.

Ɗantsoho ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ashe dai ni ne." Ya ciro makulli ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu. Tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin bakina. Alhaji bai karɓa ba, ya tari mai babur ya tafi. Mutum ne da ban taɓa jin ya ce wa wani yi haƙuri ba.

Aka kawo cikin tobo daga Kano na ɗaura, na wanke tiyo-tiyon, na sauya siririn bututun mai da ya toshe, na zuba sabon mai. Da Ɗantsoho ya zo ɗauka na jaddada masa ya riƙa jinkirtawa kafin ya kashe.

Ya ce, "To kiran salla fa, Kabo?"

Na miƙa masa makulli, ya tada mota ya tafi. Kuma a unguwa maganar ba ta mutu ba, wasu cewa suke rufa masa asiri na yi.

Ranar kasuwa na je masallacinsu da gangan na zauna cikin masu jiran magariba. Sai ga motar ta tsaya. Ina hango Ɗantsoho, hannu a kan makulli, ido a kan masallaci, ya rasa wanda zai bi. Sai Alhaji ya buɗe ƙofa ya fito, ya zagayo da babbar rigarsa, ya ɗaga muryar nan tasa.

"Malam Ɗantsoho, sauka ka kira mana salla. Ni zan tsare maka motar."

Ya shiga mazaunin direba ya zauna, injin na kaɗawa a hankali, jama'a duk sun zuba masa ido. Mai neman a sauya ladan yana kusa da ni, ya duƙa yana ta gyaran takalmin da ba abin da ya same shi.

Ɗantsoho ya kama lasifika. Bayan kabbarar farko sai da ya tsaya ya share ido sannan ya ci gaba. Alhaji bai murɗa makullin ba sai da aka gama kiran.