Ranar da Kafinta Ya Raba Tebur

Tsohon kafinta bai taɓa taka jami'a ba sai ranar da aka kira shi kan maganar Auta, ɗansa da ke shekarar ƙarshe. Ya hau bene yana haki, ya sami ofishin malamar da ta aiko.

Ta jera takardu biyu a gabansa. "Baba, wannan aikin Auta ne. Wannan na Dogo ne, ɗan ƙanenka. Iri ɗaya ne sak, har kuskuren."

"Wa ya rubuta?"

"Auta."

"To ashe an san mai gaskiya. Me ya sa aka taso ni daga shago?"

"Shi ya ba Dogo ya kwafa. A dokarmu mai bayarwa da mai karɓa duk ɗaya ne. An kayar da su a darasin. Auta ba zai fita bana ba, sai baɗi."

Kafinta ya ji kamar an buga masa guduma a babban yatsa.

"Ni na ce ya ba shi," in ji shi. "Uban Dogo ya rasu ya bar min shi. Tebur ɗaya na haɗa musu da hannuna. Na shiga ɗaki na ga wannan na rubutu, wancan na cizon biro. Na ce kai, ɗan'uwanka na nutsewa kana kallo? A shagona in maƙwabci ya nemi awon kujera, ba shi nake yi. Ba a taɓa kirana ɓarawo ba."

"Baba, Dogo ba awo ya karɓa ba. Kujerar ya ɗauka ya buga sunansa."

Tsoho ya murtuke fuska. Maganar ta zauna, shi ya sa ta ƙara ba shi haushi.

"To ni za ku hukunta. Ku bar min yaro."

"Ai kai ba ka yi rajistar darasin ba, Baba."

Bai yi dariya ba. Bai kuma roƙa ba, don bai iya ba. Ya ɗauki hularsa ya sauko.

A gida ya tarar Auta kwance ya juya wa duniya baya, Dogo na raɓe a bakin ƙofa kamar kazar da ruwa ya daka. Uwargida ta bi shi da tambaya, "Malam, me suka ce?" Ya wuce ta, ya dawo da zarto da fensir a kunne. Ya ture littattafai, ya ja layi a tsakiyar teburin.

"Daga yau kowa tasa ta fisshe shi. Auta, in Dogo ya tambaye ka, yi masa bayani da baki. Takarda kuwa ko inuwarta kada ya gani."

Auta ya tashi zaune, ido jajir. "Baba, ai abin da na faɗa maka ke nan ran nan, ka ce boko ya lalata ni."

Kafinta ya ɗora zarto kan layi.

"Zo ka riƙe min nan," ya ce.