Teku Bisa Likkafanin Gwaggo Jima

Jama'ata, ina gaisuwa, da masu karatu har ƙarshe da masu tsallakewa su dawo suna tambayata mi anka yi. Jiya wasunku sun tona ma kansu asiri, wai har yau in anka kunna silimar zanen da sunka kalla suna yara sai ido ya cika. Ku daina ɓoye fuska. Ku matso in ba ku labarin wadda tar riga ku, can Tama ta ƙasar Buza, shekara biyar bayan Nijar ta samu ƴancin kai.

Gwaggo Jima tsohuwa ce mai shiri. Tun tana da sauran ƙarfi tas shuka auduga gefen albasarta a fadama, tak kaɗe ta da mazarinta shekara ukku, tak kai ma masaƙi zaren. Da yas saƙe, tah haɗa ƙwaryoyin saƙar da allurarta, anka samu zane guda fari mai faɗi, wanda ba za a yanka ba sai ranar da za a naɗe ta ciki. Likkafaninta ke nan. Shina kwance cikin tukunya da kajiji don kada gara ta kusance shi. Sau ɗaya a shekara, bayan an gama yankan hatsi, tana fiddo shi ta shanya bisa danga ya sha iska, ta zauna da sanda tana korar awaki.

Ranar shanya ta waccan shekara ita ce ranar da kamyon silima, wato babbar motar silima, yaz zo Tama. Mai silimar, Hamidu, ma'aikacin gwamnati ne daga Tawa, mai gashin baki da takalmi sau ciki. Yas sauka dandali da la'asar, yad duba bayan mota, yad dafe kai. Farin ƙyallen da ake haska hoto bisanshi ya kwance kan hanya, ƙaya ta yi mishi rabon gado. Yad dubi katangun gari, duk jar ƙasa da duwatsu.

Sanƙiran gari, Ango, ya riga ya kewaye unguwanni da gangarshi ya shaida ma kowa yau za a ga abin da ba a taɓa gani ba. Mutumin da yay yi wannan shela ba ya komawa ya ce an fasa. Kuma Ango taubashin Jima ne, tun suna yara suke ja-in-ja. Yaw wuce ta bayan gidanta, yah hango fari tas bisa danga. Ita kuwa ta shiga ɗaki sallar magariba.

Da tas sallame taf fito, danga wayam. Tad duba ƙasa, tad duba garken awaki, tal leƙa bayan rumbu. Maƙwabciyarta tana ɗaure goyo da sauri.

"Sabuwa, kin ga zanena?"

"Wane, Gwaggo? Fari? Ai Baba Ango ya ɗauka, ya ce ke kinka ba da aro don silima."

Jima taj juya. Taɗ ɗauki sandar awaki.

Tana tahiya tana lissafin abin da ke jiranta. Ta ji labarin silima wurin masu zuwa Tawa: wai mutane da dabbobi ke fitowa bisa ƙyalle suna yawo. To in sun fito bisa nata fa? Wa zai fidda su? Da wane ido za ta sadu da masu tambaya cikin kabari, naɗe cikin zanen da jakkai sunka taka? Idonta ya rage, yatsunta sun ƙage, ba ta da wata shekara ukku ta kaɗi. In wannan ya ɓaci, sai dai a naɗe ta cikin na kanti, irin wanda kowa ke saye ma kowa.

Tun daga nesa taj ji injin wuta shina ta surutu. Dandali ya cika, har Fulanin ruga sun zo sun tsaya baya da sandunansu bisa kafaɗa. An riga an nuna silimar allurar shanu an gama. Ga zanenta can, an ɗaure shi tsakanin gawo da kamyo, shina haske awa an wanke wata an shanya.

Ango yah hango ta, yay yi wuf yas shiga bayan mata.

"Ango, fito."

"Ranki ya daɗe, sarauniyar masu shirin tahiya. Ai na ga bana ma ba ki da niyyar amfani da shi, nic ce kada ya zauna banza."

"Yau kai za ka riga ni buƙatarshi."

"Ni tabarma ta ishe ni. Zauna, Jima, na yara za a sa yanzu, kin zo daidai."

Mutane sunka yi dariya ƙasa-ƙasa, don kaɗan ne sunka gane wane zane ne. Ita kuwa tak kutsa tsakiyar yara, tana ture kawuna da gwiwa, har tak kai gaban zanen. Tam miƙa hannu tak kama igiyar. Ja ɗaya ya isa.

Sai Hamidu yam murza abin haska hotonshi daga baya, wani kiɗa mai sanyi yat tashi, zanen yak koma shuɗi.

Ba shuɗin baba ba, ba na sama ba. Ruwa ne, daga wannan gefen zane har wancan, shina tashi shina kwanciya awa ƙirjin mai barci. Jima ta san ruwan ƙorama mai zuwa ja da fushi ya wuce kafin a gama mamaki. Wannan ba shi da gaɓa. Tad dubi hannunta da ke riƙe da igiya, ga ruwan shina gudu bisa fatarta. Tas shafa zanen da sauri. A bushe yake.

"Gwaggo, kanki ya tare," in ji wata yarinya.

Tas sunkuya, amma ba ta saki igiyar ba.

Hamidu yay yi bayani ta bututun magana, yac ce wannan teku ne, kuma ba ɗauka anka yi ba, mutum ne yaz zauna da alƙalami yaz zana komi, ɗaya bayan ɗaya. Wani daga cikin Fulani yac ce to lalle mutumin nan ba shi da shanu, tunda ya samu lokaci.

Sai tsuntsaye sunka shigo daga gefe, dogayen ƙafafu, dogayen baki, suna tafe a jere. Yara sunka ɗauka baki ɗaya: shamuwa ce. Kowa a Tama ya san shamuwa, tana zuwa da damina ta yi sheƙa bisa tsamiyar ƙofar Jima, kaka na yi ta ɓace, ba wanda yat taɓa sanin ina take zuwa. Ashe ruwan nan take ƙetarewa.

Can baya akwai wata tsohuwa cikinsu. An zana mata gashin wuya a tsuttsuge, da ido mai nauyi. Sauran suna kaɗa fiffike sau ɗaya, ita sai ta kaɗa biyu. Sannu-sannu jere yay yi nisa, yak koma ɗigo-ɗigo, yab bar ta ita kaɗai tsakanin sama da ruwa.

"Ga Jima an bar ta baya," in ji Ango daga maɓoyarshi.

Ba wanda yay yi dariya, shi ma bai ƙara ba.

Tsohuwar shamuwa tana sauka. Jima ta san zanenta ƙwarya-ƙwarya, tana ganin tsuntsuwar tana wuce layukan ɗinki ɗaya bayan ɗaya, awa mai sauka rijiya. Taw wuce ƙwaryar da zarenta yay yi kauri, wadda tak kaɗa shekarar da mijinta yar rasu. Saura ƙwarya biyu ta taɓa ruwa. Iska yat taso, teku yay yi baƙi.

"Daure," Jima tac ce, ba ta san a fili taf faɗi ba. "Daure, ƴar'uwa. Kada ki dubi ƙasa."

Dandali yay yi tsit, sai injin da kiɗa. Wata mata tana jan majina. Shamuwa tar rufe ido, tad daina kaɗawa, tab buɗe fiffiken kurum tas saki jiki. Jima taz zauna ƙasa cikin yara.

Iskan nan da yat taso, shi yas shiga ƙarƙashin fiffiken yaɗ ɗaga ta. Ba ta yi komi ba, an ɗauke ta ne. Tah hau, tah hau, taw wuce duk layukan ɗinki har saman zane, inda gajimare yat tsage haske yaz zubo, wani irin ruwan zinariya da Jima ba ta san akwai shi cikin duniya ba, balle cikin audugar fadamarta. Daga can sai ga rairayi, sai dabino, sai rumbuna masu hular ciyawa. Ga sauran tsuntsayen bisa itace sun matsa sun bar mata wuri. Tas sauka, tag gyara ƙafa, tas soka baki cikin gashinta.

Anka kashe inji. Zane yak koma fari. Jima tas shafa kumatunta taj ji sun jiƙe har haɓa, igiya kuwa tun yaushe tas sake ta ba ta sani ba.

Liman na can gefe bisa buzunshi, ya ba silima rabin baya, wai shi iska yaz zo sha. Tak kwance zanen, tan nufe shi da shi a ƙirji.

"Allah gafarta Malam, likkafanina ne. Ya halatta?"

Liman yag gyara murya sau biyu, don ita ma muryar ta ɗan jiƙe.

"Ya jiƙe?"

"A'a."

"Ya canza wari?"

Tas shinshina. "Kajiji."

"To rana ma tana sauka bisanshi duk shekara, ba ta taɓa ɓata shi ba. Amma ki duba da safe. In kin ga ko gashin tsuntsu ɗaya ya manne, ki kawo mu sake magana."

Gari na wayewa tas shimfiɗa shi bisa tabarma tsakar gida. Tab bi shi da yatsa ƙwarya-ƙwarya, tad duba layukan ɗinki, tab birkita shi, taɗ ɗaga shi ga rana. Babu ruwa, babu gashi, babu ɗigon shuɗi. Fari tas, yadda masaƙi yab ba ta. Abin da taz zo nema ke nan, kuma ta samu. Amma sai tat tarar da kanta tana sake duba kusurwar sama, inda hasken nan yaz zubo, ko an manta da kaɗan.

Tana nan zaune anka yi sallama. Hamidu ne, ya cire takalmi tun daga zaure, da goro cikin ganye. Ango na bayanshi, daidai inda sanda ba ta kaiwa.

"Inna, ki yafe mani. Wallahi da na san ko mine ne, da ban taɓa shi ba."

"Ka sani yanzu. Ina za ka daga nan?"

"Karofane, sannan ƙauyukan wajen Keita. Amma ba ƙyalle, sai dai in koma Tawa."

"Su mutanen Karofane ba za su ga tsuntsuwar ba ke nan?"

Hamidu yas sunkuyar da kai. Ango yal leƙo.

"Ni dai ban ce komi ba, Jima. Amma mai zane guda ce a ƙasar nan, kuma rowarta ta kai Madawa."

Jima tan ninke zanen, ninki bisa ninki, ba ta gaggawa.

"Ba a buga mishi ƙusa," tac ce ma Hamidu. "Ba mai taɓa shi sai da alwala. Ni ke ɗaurewa, ni ke kwancewa."

"Ke, Inna? Ai hanya ce mai duwatsu, kwana shida."

"Ɗana, zanen nan an yi shi ne mu tahi tare. Ba ya fita Tama ya bar ni."

"In kinka mutu a hanya fa?" in ji Ango.

"Ai da kayana a hannu. Kai dai ka ba awakina ruwa, kuma na ƙirga su."

Kafin hantsi kamyo yat tashi. Gwaggo Jima, wadda iyakar tahiyarta a duniya kasuwar Buza ce, tana gaba kusa da direba, likkafani bisa cinya, ta riƙe shi da hannu biyu. Sunka wuce ƙarƙashin tsamiya, taɗ ɗaga kai tad dubi sheƙunan da ba kowa ciki har sunka ɓace mata.

To ku fa, da hannunku ne bisa igiyar nan lokacin da zanen yak koma shuɗi, za ku ja ko za ku zauna?