Layin Ƙarshe na Maƙabarta

A wani ƙauye kusa da Argungu, maƙabarta tana kan tudu, a gindinta kuwa akwai kwazazzabon da ruwan damina ke bi ya gangara fadama. Duk shekara sai ya yagi wani abu daga gefen tudun. Shi ya sa kafin ruwa ya kankama, Malam Riskuwa, wani dattijo manomin albasa, yakan miƙe bayan sallar asuba ya ce a fito. Sai a fito da buhuna da shebur, a ɗura rairayi, a jera, a danne da duwatsu. Ba mai biyan kowa. Don Allah ake yi, kuma kowa ya san can zai kwanta.

Bara aka rufe matarsa Baiwa a layin ƙarshe, dab da gaɓa, don nan kaɗai fili ya rage.

Ma'aikatan gwamnati sun sha zuwa daga Birnin Kebbi duba zaizayar. Sai su tarar da buhuna jere tsaf, su yaba, su sa albarka, su shige mota, a kai aikin wani gari. Su a wurinsu, garin da ya iya toshe raminsa lafiyarsa lau.

Munzali, ɗan ƙanen Riskuwa, masinja ne a wani ofishi a birni, ya kuma ga yadda ake dafa abin. Ya zo gida ya iske baffansa yana kakkaɓe buhuna.

"Baba, ku ka ɓata ma kanku," in ji shi. "In sunka zo sunka ishe an gyara, mi za su ce sun gani? Bana ku bar shi hakanan. Sati mai zuwa suna tahe, da kunnena na jiya."

"Innakka na bakin gaɓa, Munzali."

"Don ita nika hwaɗi. Buhu ruɓewa shika yi. Siminti ɗai ka riƙe ta."

Maganar ba ta yi wa tsohon daɗi ba, amma ya juya ta ya rasa inda zai kama ta da ƙarya. Washegari ya faɗa wa jama'a a masallaci cewa bana a bar gaɓar yadda take. Wasu suka yarda don sun ga hikimar, wasu don bayansu ya huta.

Sati ya zo ya wuce, ma'aikatan ba su zo ba. Aka ce mota ce ta lalace. Daga baya aka ce babbansu ya tafi taro. Hadari kuwa bai san da wani taro ba, kullum sai ya haɗu a gabas ya watse. Riskuwa ya daina cin abincin kirki. Wata safiya tsoro ya ci ƙarfinsa, ya ɗauko buhuna ya nufi tudu. Liman ya tare shi a hanya.

"Malam, an yi magana. In kat taɓa, wahalar jira ta tahi banza. Ƙara haƙuri."

Ya koma da su gida.

Ran Laraba bayan la'asar ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Riskuwa ya fita da shebur shi kaɗai, yana zamewa yana tashi. Da ya isa, kwazazzabon ya cika yana ruri. Yana tsaye yana salati gaɓar ta tsage, layin ƙarshe ya zame gaba ɗaya cikin ruwa.

Gari ya fito da safe, aka bi gonakin shinkafa ana lalube cikin laka. Abin da aka samu aka naɗe a sabon likkafani, aka rufe wuri guda. Ba wanda ya iya cewa wannan wane ne. Wasu ma ba a same su ba.

Sai ga motar gwamnati. Suka ɗauki hotuna, suka girgiza kai, suka ce wannan ɓarna ba ta jira. Kuma ba ta jira ɗin ba. Kafin wata damina an zuba katangar siminti, an yi magudanar ruwa mai faɗi. Munzali ya yi gaskiya, amma har yau bai iya haɗa ido da baffansa ba.

Ran Juma'ar da aka gama aikin, Riskuwa ya je yi wa Baiwa addu'a. Ya tsaya a kan kabarin da aka haɗa mutane, ya ɗaga hannu, ya sauke. Ya taka zuwa inda layin ƙarshe yake a da, ya tarar siminti ne. Ya juya ya dubi fadama, shinkafa ta yi kore har iyakar gani. Ya daɗe a nan hannuwansa a buɗe, bai san ina zai fuskanta ba.