Burtalin Shanun Jaje

Shekara uku bayan yunwar tamanin da huɗu aka ce za a yanka filaye a gefen ƙauyenmu. Ma'aikatan siminti na Malbaza sun yi yawa, suna son wurin gina gidaje. Ban ƙi ba. Mai iyali dole ya sami rufi. Gonata ma ba ta cikin abin, tana can bayan tudu.

Masu awo sun zo tsakiyar rani da motarsu da wani ƙarfe mai ƙafa uku. Kwana huɗu suna leƙe-leƙe, suka kafa turakun siminti, suka tafi. Ban je kallo ba. Ni Badaru ba ni bin mota da ido.

Jaje ne ya kawo mini maganar. Bafillace ne. Shekara ashirin da ɗoriya shanunsa na zama a gonata duk rani, su ci kara, su bar mini taki. Gonar jigawa ce. In ba takin nan, ko iri ba ta mayarwa.

"Kaɗo, an toshe mu," in ji shi, ko sallama bai gama ba.

"Zauna. Kai kullum tsaye kamar sandarka."

"Ba zama. Sun kafa turakunsu cikin burtali. In aka yi gini, ta ina shanu za su sauka rijiya? Sai in kwashe su in koma Tajaye wurin ƙanena."

Burtalin nan ne kaɗai hanyar shanu daga tudu zuwa rijiyar fadama. Kakanninmu suka kafe shi da aguwa dama da hagu don kada dabba ta faɗa wa shuka. Da damina ko makaho ya san shi. Da rani kuwa gonaki fayau, aguwa ta zubar da ganye, baƙo sai ya ɗauka fili ɗaya ne.

Na tafi wurin mai gari Na'Allah. Ya ce takarda ta riga ta tafi buro, wato ofishin gwamnati, an buga mata hatimi. Na ce hannu ya buga, hannu na iya gyarawa. Ya ce ran Litinin mai awon zai dawo nuna wa kowa filinsa, in ina da bakin magana in zo.

Na zo. Mai awon, Malam Rabilu sunansa, mai ladabi, ba laifi. Ya shimfiɗa takardarsa a kan mota.

"Baba, duba. Babu hanya a nan. Mun zagaya, ba mu ga komai ba sai busassun itace."

Ban duba ba, ban iya karatunsu ba. Na karya reshen aguwa ɗaya na miƙa masa. Farin ruwanta ya zubo masa a yatsa.

"Wanga ne busasshe?"

Ya goge hannu. "Na yarda tana da rai, Baba. Amma shinge daban, hanya daban. A buro shaida za su tambaye ni."

"Ka jira hantsi ya ɗaga."

Na sa Jaje ya hau tudu ya kwance shanun, ya baro su, ya dawo ya zauna kusa da ni. Ya zauna yana ƙunƙuni, wai tunda aka haife shi bai taɓa barin shanu su tafi ruwa ba mutum ba.

Can sai ga su. Ba makiyayi, ba sanda. Wata tsohuwar saniya ja mai karyayyen ƙaho a gaba, sauran na biye. Fili buɗe dama, fili buɗe hagu, aguwar duk giɓi, amma ko ɗaya ba ta ratse ba. Suka bi ta kan turakun ɗaya bayan ɗaya har suka iso motar, don a tsakiyar burtali direban Malam Rabilu ya ajiye ta. Jar ta tsaya. Sauran suka tsaya. Ta zuba wa motar ido, ta ƙi kewayawa.

Munkaila, direban babbar motar siminti, wanda aka ba filin wurin, ya fashe da dariya.

"Malam Rabilu, don Allah canza mini! Wagga tsohuwa har uwar ɗakina za ta shiga."

Aka janye motar, shanu suka wuce. Malam Rabilu ya bi sawunsu da ƙafa har rijiya, ya dawo takalminsa duk kashin shanu. Ya ciro jan alƙalami ya ja layi biyu a takardar.

"Faɗin nawa, Baba?"

"Taku arba'in."

"Ashirin da biyar zan iya karewa a buro. Fiye da haka mutum shida za su rasa fili."

Na dubi Munkaila da 'yan uwansa ma'aikata. Su ma ba su yi wa kowa laifi ba. Na ce wa Malam Rabilu ya rubuta.

Bayan sati biyu leburori suka zo suka tumɓuke turakun, suka mayar da su gefe. Ni da Jaje muka tsaya muna kallo.

"Ya yi ƙunci," in ji shi. "Bijimina da ƙyar zai wuce da ƙahonninsa."

"Ya karkata kai. Tajayen fa?"

"Wace Tajaye? Ciyawarsu ba ta da daɗi."