Insha'in da Malama Ta Ajiye

Yana kan tsani da buroshi a hannu, ya rubuta kalmar Turanci a allon kantin magani ya bar harafi ɗaya da gangan, sannan ya waiwaya ya dubi tagar Malama.

Tana nan zaune inda 'yarta ke ajiye ta kowace safiya, bargo a gwiwa. Ta kalli allon kantin maganin, ta kalle shi, ta yi murmushi da rabin baki. Shi ke nan.

Mai-fenti ya sauko jiki a sanyaye. Shekara ashirin yana rubuta allunan shagunan layin nan, bai taɓa yin kuskure ya sha ba. Kafin fenti ya bushe za ka ji ana ƙwanƙwasa gilashi da jan biro: "Kai, ɗalibina! Harafin nan cinye shi ka yi?" Ita ta koyar da shi Turanci a sakandare, ita ta koyar da rabin garin, ritayar da ta yi kuwa ba ta hana ta gyara ba. Yau sau uku ke nan yana ɗana mata tarko tun da ta dawo daga asibiti, ba ta taka ko ɗaya ba.

Ya goge hannu ya tsallaka. 'Yar ta tare shi a baranda, ta ja ƙofa.

"Ka daina wahalar da kanka," in ji ta a hankali. "Tun da jinin nan ya buge ta, Turancin ya tafi."

"Ya tafi ina?"

"Oho. Likita ya ce yana faruwa. Hausa tana nan garau, har zagina take yi da ita. Amma Turanci ko gaisuwa ba ta ganewa. Don Allah kada ka faɗa wa kowa, kunya take ji."

Abin ya tsaya masa a rai. Ina harshe yake zuwa in ya bar mutum? Kwana biyu yana leƙe daga shagonsa yana ganin tsofaffin ɗalibai suna fakin motoci. Wani alƙali ya zo da kwandon lemo, wata likita ta zo da 'ya'yanta. Duk sai sun gyara murya sun zubo mata Turanci mai tsada, don ta ga shukarta ta yi 'ya'ya. Ita kuwa sai gyaɗa kai, su fito suna cewa Malama har yanzu tana sauraron kuskure.

Shi ma yana da nasa kayan da yake ɗauke da su. A aji huɗu ta ba su aikin insha'i a kan gidansu. Nasa ne ya zo na ɗaya. Ta karanta shi a gaban aji, ta ci gaba da karanta wa kowane sabon aji har ta bar aiki. Ba shi ya rubuta ba. Yayarsa ce, wadda ta bar makaranta ta shiga masaƙa shekarar da mahaifinsu ya rasu. Ta rubuta masa bayan ta taso daga aiki, shi ya kwafe da hannunsa. Shekara talatin yana auna abin. In ya faɗa, ya ɓata wa tsohuwa abin alfaharinta. In ya yi shiru, za ta tafi tana yi wa ɓarawo addu'ar mai kaya.

Ran nan da hantsi 'yar ta leƙo shagonsa. "Mama na kira."

Ɗakin na warin man zafi. Littattafai cike da kanta har sama, an juya na Turancin suna kallon bango. Malama ta rame, amma idon nan da ke hango mai satar amsa daga bayan aji yana nan. Ta nuna masa wata tsohuwar takarda a ninke cikin leda.

"Zauna. Karanta min wannan. Da Hausa."

Ya gane ta tun kafin ya karɓa. Bai ko dubi samanta ba, ya faɗa cikin layukan da ya sani kamar sunansa. Ya fara juyawa, yana tuntuɓe: yadda mahaifiya ke kasa zura zare a allura, sai a karɓa a zura mata kamar da wasa don kada ta ji ta tsufa, yadda takalmin mahaifi ya kwana wata shida a bakin ƙofa ba wanda ya iya ɗaukewa. Malama ta rufe ido. Ya kai tsakiya, ya ɗago kai.

"Malama, ba ni na rubuta wannan ba."

"Ci gaba, ka kusa zuwa wurin da nake so."

"Malama, cewa na yi..."

"Na ji ka. Kunnena bai shanye ba. Karanta layi na gaba."

Ya duba. Layin ya ce: ina da ƙane guda, mai fitsarin kwance, kullum ni ke shanya katifarsa.

Kafaɗarta mai lafiya ta soma rawa. Dariya take yi. "Ku nawa ne a gidanku?"

"Mu biyu."

"Wa ye ƙarami?"

Ya sunkuyar da kai. Sau nawa ya ji layin nan da Turanci bai lura ba, sai yau da ya fito da Hausa.

"Sakarai. Ka kwafe har da asirinka. Tun ranar na sani."

"To me ya sa ba ki kore ni ba? Me ya sa kika yi ta karantawa?"

"Don yana da kyau mana. Yara nawa suka koyi kallon gidansu saboda takardar nan? Alƙalin nan da ya cika ni da lemo, kuka ya yi ranar da ya ji ta." Ta ja numfashi da ƙyar. "Kai yaro ne, ka ji tsoron sifili. Ni fa? Na san akwai yarinya a gidanku mai irin wannan kai. Tafiyar minti goma ce daga makaranta. Kullum sai in ce sati mai zuwa. Na riƙe takarda, na bar mai ita. To tsakanina da kai wa ya fi sata?"

Ya ninke takardar ya mayar cikin leda.

"Yayar taka tana raye?" in ji Malama.

"Tana nan. Jikokinta uku."

"Kawo min ita. Kada ka ce sati mai zuwa."

Yaya ta yi gardama a waya. "Ni da na manta, ko baƙi ɗaya ba na tunawa, me zan ce wa malamar Turanci?"

"Ita ma ta manta, Yaya. Kun yi daidai."

Ta zo washegari a motar haya, da sabon mayafi da tsohon ciwon gwiwarta. Aka shigar da ita, aka rufe ƙofa. Mai-fenti ya zauna a baranda yana kasa kunne kamar ɗan leƙen asiri. Bai tsinci komai ba sai dariya sau biyu. Da Yaya ta fito ya tambaye ta me suka ce.

"Ina ruwanka, mai katifa?"

Kwana huɗu bayan haka Malama ta cika, da rana tsaka, a kujerarta. Layin ya cika da motoci har mai kantin magani ya rufe. Yaya ta dawo ta zauna cikin mata, ba wanda ya san ko wace ce ita.

Da yamma ya raka ta tasha. Suna zaune a benci sai ta buɗe jaka ta fito da ledar nan, ashe Malama ta ba ta. A saman takardar, inda sunansa yake a da, an manna wani siririn farin ƙyallen takarda. Gam ɗin ya tsufa har ya yi ja.

"Ba ni fensirin kunnenka," in ji ta.

Ya ba ta. Ta shimfiɗa takardar a cinya, ta lashi bakin fensirin, ta ɗora shi a kan farin wurin. Motar ta iso, mutane suka yi ta shiga, ita kuwa tana nan sunkuye, tana jan harafin farko na sunanta a hankali.